Leonard Hayflick da Iyakar Rayuwar Ƙwayoyin Jiki: Tarihin Wani Bincike da Tasirinsa

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka ce wani masani ya yi tasiri a fagensa, abin da ɗalibi yakan fara tambaya shi ne, wace lambar yabo aka ba shi, kuma littafi nawa ya rubuta? Wannan takarda za ta kawo tarihin wani mutum wanda irin wannan awo ba zai yi masa adalci ba. Sunansa Leonard Hayflick, Ba'amurke ne. An haife shi a birnin Filadelfiya ranar 20 ga Mayu 1928, ya mutu ranar 1 ga Agusta 2024 yana da shekara 96. Bai taɓa samun lambar Nobel ba, kuma akwai lokacin da ya rasa kujerarsa ta farfesa ya koma karɓar kuɗin tallafin marasa aiki. Amma maƙala guda da ya fitar a 1961 ta rushe wani ra'ayi da masana suka yi kusan shekara 50 suna riƙe da shi, ta kuma buɗe ƙofar nazarin tsufa daga cikin jiki. Haka nan wasu ƙwayoyi da ya rena a 1962 sun zama tushen alluran rigakafin da aka yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi, domin kalmar ƙwaya a Hausa tana da ɗaukar kaya da yawa: akwai ƙwayar hatsi, da ƙwayar magani, da ƙwayar ido. A wannan takarda, in an ce ƙwayar jiki, ana nufin ɗan ƙaramin ginshiƙin nan mai rai da ido ba ya gani sai da madubin likita, wanda daga tarinsa ne ake samun fata da huhu da ƙoda da sauran sassan jiki. In an ce ƙwayar cuta, ana nufin abin da ke shiga jiki daga waje ya kawo rashin lafiya. Reno kuwa shi ne a ciro ƙwayoyin jiki a zuba su cikin kwalba, a riƙa ba su ruwan abinci da ɗumi har su yi ta rabuwa suna yawaita. Idan yawansu ya zama biyun na da, mun ce sun yi ninki ɗaya. Ɗalibi ya riƙe wannan kalma ta ninki, don a kanta labarin duka yake tafiya.

2.0 Zuciyar ɗan tsako

Tun a 1881 wani masanin halittu Bajamushe, August Weismann, ya yi hasashen cewa jiki yana tsufa ne saboda ƙwayoyinsa ba sa iya rabuwa har abada. Hasashe ne kawai, ba shi da gwajin da zai kafa hujja da shi. Wanda ya zo da gwaji shi ne Alexis Carrel, likitan fiɗa Bafaranshe, haifaffen yankin Liyon, wanda ke aiki a Cibiyar Rockefeller ta birnin Niyok. A watan Janairu 1912 Carrel ya yanki ɗan ƙaramin nama daga zuciyar ɗan tsako da bai fito daga ƙwai ba, ya sa a kwalba ya fara renonsa. A wannan shekarar ce aka ba shi lambar Nobel, ko da yake saboda gwanintarsa ta ɗinke jijiyoyin jini ne, ba don wannan gwaji ba.

Naman ya ci gaba da yaɗuwa, ana datse shi ana sake masa kwalba. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, jaridu suka riƙa ba da labarinsa kamar ana bikin zagayowar ranar haihuwa. Abokin aikin Carrel, Albert Ebeling, ya ci gaba da kula da shi, ba a zubar da shi ba sai a 1946, wato bayan shekara 34, shekara biyu da mutuwar Carrel. Kaza ba ta kai wannan shekaru. Daga nan sai masana suka yanke hukunci: ƙwayar jiki ba ta da ajali a karan kanta, muddin an ba ta abin da take so za ta yi ta rabuwa har abada. Ke nan tsufa ba daga cikin ƙwaya yake tasowa ba, wani abu ne daga waje.

A nan ne gizo yake saƙar. Babu wani ɗakin gwaji da ya iya maimaita abin da Carrel ya ce ya yi. Kowa ya gwada, sai ƙwayoyinsa su yi watanni su tsaya. Amma maimakon a ce da sake, sai kowa ya ɗora wa kansa laifi: ƙila ruwan abincin bai haɗu ba, ƙila kwalbar ba ta wanku ba, ƙila ma'aikacin ya yi sakaci. Wa zai ce mai lambar Nobel ya yi kuskure? Daga baya Hayflick ya kawo bayanin da mutane da yawa suka karɓa, cewa ruwan da ake ciyar da naman daga matsattsen jikin wasu ƴan tsaki ake samo shi, kuma mai yiwuwa sababbin ƙwayoyi masu rai suna biyo shi a duk ciyarwa. Wato ana ta zuba sabon garke ana cewa tsohon ne bai mutu ba.

A gefe guda, waɗanda suka yi karatu a Faransa cikinmu sun san cewa sunan Carrel ya zube a can, amma ba don wannan ba. Littafinsa na 1935 ya goyi bayan tace al'umma daga waɗanda ya ɗauka marasa amfani, shi ya sa a 1996 aka cire sunansa daga tsangayar koyon likitanci ta Liyon, garuruwa da dama kuma suka sauya wa titunan da ke ɗauke da shi suna.

A 1951 wani abu ya ƙara wa ra'ayin Carrel ƙarfi. A asibitin Johns Hopkins an ciri ƙwayoyi daga jikin wata baƙar fata mai fama da ciwon daji, Henrietta Lacks, ba tare da saninta ba. Waɗannan ƙwayoyi, da ake kira HeLa, sun yi ta rabuwa ba tsayawa, kuma har yanzu ana amfani da su. Abin da ba a mai da hankali a kai ba shi ne, ƙwayoyin ciwon daji ne, ba na lafiyayyen jiki ba.

3.0 Abin da Hayflick ya gani

Hayflick ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Fensilbaniya a 1956, ya ƙaro ilmin renon ƙwayoyi a Galbeston ta jihar Tekzas, sannan a 1958 ya kama aiki a Cibiyar Wistar ta Filadelfiya ƙarƙashin shugabanta Hilary Koprowski. Matsayinsa a can ba babba ba ne. Aikinsa shi ne ya riƙa samar wa manyan masu bincike ƙwayoyin da za su yi gwaji da su, kusan a ce mai dafa wa wasu abinci. A gefe yana nasa binciken, yana neman ko akwai ƙwayoyin cuta da ke haddasa ciwon daji a jikin mutum. Don haka yana bukatar lafiyayyun ƙwayoyi da zai gwada da su, sai ya riƙa renon waɗanda aka ciro daga ƴan tayi.

Wata rana ya lura cewa ƙwayoyin wata kwalba sun daina rabuwa. Abin da aka saba yi shi ne a zubar a ce hannu ne ya ɓaci. Shi kuwa sai ya buɗe littafin da yake rubuta kwanakin aikinsa, ya ga cewa waɗanda suka tsaya su ne waɗanda ya fi daɗewa da fara renonsu. Ruwan abinci ɗaya ne, kwalabe iri ɗaya, ma'aikaci ɗaya, ɗakin ɗumi ɗaya, amma na baya-baya suna ta rabuwa, na farko sun tsaya. Da ya bi lissafi sai ya ga kowane rukuni yana tsayawa ne tsakanin ninki 40 da 60, galibi wajen 50. Ruwa ba ya tsami banza.

Kada adadin 50 ya yi wa ɗalibi kama da ƙanƙani. Ƙwaya ɗaya in ta yi ninki 10 ta zama 1,024. A ninki 20 ta haura miliyan ɗaya, a ninki 30 ta haura biliyan ɗaya, a ninki 50 kuwa ta haura tiriliyan 1,000. Iyaka ce, amma mai faɗi.

3.1 Gwajin maza da mata

Hayflick ya san abin da za a ce: wani guba ne ya taru a kwalbar, ko wata ƙwayar cuta ce da ba a gani. Sai shi da abokin aikinsa Paul Moorhead, masanin zaren gado, suka tsara wani gwaji wanda ni a ganina shi ne ƙashin bayan aikin duka, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ana iya bambanta ƙwayar namiji da ta mace a ƙarƙashin madubi ta duban zarurrukan gadonsu. Suka ɗauko ƙwayoyin namiji da suka riga suka yi ninki 40, suka gauraya su da na mace da suka yi ninki 10 kacal, a kwalba ɗaya. A gefe kuma suka ajiye kowane jinsi shi kaɗai domin kwatanci. Da lokacin da ƙwayoyin namijin da ke ajiye su kaɗai suka tsaya ya yi, aka duba gaurayayyar kwalbar, sai aka tarar na mace ne kawai suka rage suna rabuwa.

Hujjar a fili take. Da guba ne ko cuta, ba za ta zaɓi maza ta bar mata ba alhali suna shan ruwa ɗaya. Kuma zama da matasa bai mai da tsofaffin matasa ba. Kowace ƙwaya tana tafe da nata lissafin.

Sai gwaji na biyu. Suka daskarar da ƙwayoyi cikin sanyi mai tsanani, suka bar su watanni, sannan suka narkar da su. Ƙwayar da aka daskarar a ninki 20 ba ta koma farko ba, ba ta kuma lissafa watannin da ta yi a kwance ba. Daga 20 ta ɗora, ta yi kusan 30 ta tsaya. Wato abin da ƙwayar ke ƙirgawa yawan rabuwa ne, ba kwanaki ba. Bayan haka suka aika wa wasu fitattun masu renon ƙwayoyi samfuri, suka gaya musu lokacin da za su tsaya, kuma haka aka yi.

Suka rubuta maƙala suka aika wa mujallar Journal of Experimental Medicine, wadda Cibiyar Rockefeller ke bugawa, wato gidan Carrel. Aka mayar musu da ita. Wasiƙar ƙin, wadda Hayflick ya ce Peyton Rous ne ya rubuta ta, ta tunatar da su cewa babban abin da shekara 50 na renon ƙwayoyi suka tabbatar shi ne ƙwayoyi ba sa daina rabuwa in an kyautata musu. Rous ba ƙaramin mutum ba ne, shi ma ya karɓi Nobel a 1966. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A wannan karo yaron ne ya gani, kuma ba rimi ya hau ba, littafin kwanaki ya buɗe. Ina jan hankalin ɗalibai a nan, domin a namu fagen ma akwai maganganu kan nahawu da karin harshe da ke yawo daga littafi zuwa littafi, ba don wani ya sake jin su daga bakin masu harshen ba, sai don wanda ya fara faɗa babba ne.

Maƙalar ta fito a mujallar Experimental Cell Research a ƙarshen 1961, kuma ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata a ilmin halittu. A 1965 Hayflick ya fitar da ta biyu, inda ya nuna cewa ƙwayoyin da aka ciro daga manya suna yin ninki kusan 20 ne kawai. Sunan da aka san abin da shi yau, wato iyakar Hayflick, Macfarlane Burnet na Ostireliya ne ya raɗa shi a 1974.

4.0 WI-38 da alluran rigakafi

Tasirin da ya fara bayyana bai shafi tsufa ba ko kaɗan. Ƙwayoyin cuta na bairos ba sa hayayyafa sai a cikin ƙwayar jiki mai rai, saboda haka mai yin allurar rigakafi dole ya sami gonar da zai shuka su. A wancan zamani ƙodar biri ce gonar, da ita aka yi allurar shan inna. Amma biri yana zuwa da nasa cututtukan. A 1960 aka gano wani bairos mai suna SV40 a cikin ƙwayoyin ƙodar biran, bayan an riga an yi wa miliyoyin mutane allura. A 1967 kuma ma'aikatan ɗakunan gwaji a Marbug da Farankfot na Jamus da Belgired suka kamu da wata sabuwar cuta daga biran da aka kawo daga Yuganda, mutum 7 suka mutu.

Hayflick ya ce ga mafita: lafiyayyun ƙwayoyin mutum, daga tushe guda, waɗanda za a bincika a tabbatar da tsabtarsu sau ɗaya, a daskarar, a riƙa ɗiba. Tsayawar da suke yi ma shaida ce cewa ba na ciwon daji ba ne. A watan Yuni 1962 aka aiko masa da huhun wata ƴar tayi daga Suwidin, inda aka zubar da cikin bisa dokar ƙasar. Ya rena ƙwayoyin, ya rarraba su cikin ƙananan kwalabe kusan 800, ya daskarar. Ya sa musu suna WI-38, haruffan farko na sunan cibiyar ke nan da lambar rukunin.

Ba a daɗe ba bukata ta taso. A 1964 zuwa 1965 annobar rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus, ta auka wa Amurka. Cuta ce mai sauƙi ga yaro, amma in ta kama mai sabon ciki takan lalata ɗan tayi. An ƙiyasta mutum miliyan 12.5 sun kamu, kuma an haifi jarirai kusan 20,000 da kurumta ko makanta ko ciwon zuciya. Stanley Plotkin, wani likita a Wistar, ya yi ta shuka bairos ɗin a cikin WI-38 yana rage ɗumi har ya raunana, ya zama allurar da ake kira RA 27/3. Turai ta karɓe ta tun 1970. Hukumomin Amurka kuwa sun daɗe suna ɗari-ɗari da ƙwayoyin mutum, sai a ƙarshen shekarun 1970 ta maye gurbin na da a can. Da WI-38, da kuma takwararta MRC-5 da aka samar a Ingila a 1966 bisa hanyar Hayflick, an yi alluran haukan kare da ƙaranbau da wani nau'in ciwon hanta da shan inna.

A nan labarin ya iso ƙofar gidanmu. Allurar haɗin ƙyanda da rubela da Gana ta fara a 2013, Kamaru a 2015, Nijeriya a 2025, bairos ɗin rubelar da ke cikinta jikan wanda Plotkin ya raunana ne. A 2017 Hayflick da S. Jay Olshansky sun ƙiyasta cewa alluran da ke da alaƙa da WI-38 sun ceci rayuka kusan miliyan 10.3 a duniya. Ɗalibi ya lura cewa ƙiyasi ne, kuma mai abin yana cikin masu lissafin. Amma ko an rage rabi, abin da ya saura ba kaɗan ba ne.

Akwai nauyi a nan da bai kamata a tsallake ba. Matar da aka ciro ƙwayoyin daga cikinta ba a nemi izininta ba, ba ta ma san an yi ba sai daga baya. Sannan asalin ƙwayoyin ya dami mabiya addinai da dama. A 2005 wata majalisar Fadar Fafaroma ta fitar da bayani cewa iyaye na iya yi wa ƴaƴansu allurar in babu wata, tare da kira a nemo wata hanya. Ƙwayoyin da ake amfani da su yau zuriyar na 1962 da 1966 ne, ba a bukatar sabon tayi domin su.

5.0 Rigimar mallaka

Na wane ne WI-38? Gwamnatin Amurka ta ba da kuɗin kwangilar rarraba su, Wistar ce gidan da aka yi aikin, Hayflick ne ya yi da hannunsa, ita kuma matar Suwidin babu wanda ya sa ta a lissafi. A 1968, da zai koma Jami'ar Stanford, an shirya cewa za a miƙa yawancin kwalaben ga wata ma'ajiya ta ƙasa. Hayflick ya ga ana shirin cin riba da aikinsa ba tare da shi ba. Sai ya kwashe ɗaruruwan kwalabe ya sa a tukunyar sanyi, ya ɗora a motarsa tare da iyalinsa, ya tuƙa har Kalifoniya. Daga can ya ci gaba da aika wa masu bincike da kamfanoni, yana karɓar kuɗi, har ya kafa ɗan kamfani.

A 1975, lokacin da ake duba yiwuwar ba shi shugabancin sabuwar Cibiyar Nazarin Tsufa ta ƙasa da aka kafa a 1974, Hukumar Lafiya ta NIH ta aiko mai bincike. Rahoton ya zarge shi da sayar da kayan gwamnati, aka kwashe ƙwayoyin daga ɗakin gwajinsa, labari ya hau shafin farko na jaridu a 1976, ya ajiye aikinsa na Stanford. Shi kuma ya kai gwamnati ƙara. Sai a 1981 aka sasanta ba tare da hukuncin kotu ba, aka bar masa kuɗin da ya tara da ƴan kwalabe kaɗan. Masana sama da 80 suka sa hannu a wata wasiƙa ta goyon bayansa a mujallar Science.

Ba zan wanke shi tas ba, domin ya ɗauki abin da aka yi yarjejeniya a kansa ba da izini ba. Amma a 1980, ana tsakiyar shari'ar, majalisar Amurka ta zartar da dokar Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da aka gano da kuɗin gwamnati, masu binciken kuma su sami kaso. Abin da ya jawo masa zargi a 1976 ya zama abin da ake yaba wa farfesoshi a kansa bayan shekara goma.

6.0 Ina ma'ajin lissafin yake?

Hayflick ya nuna cewa ƙwaya tana ƙirga, amma bai san da me take ƙirgawa ba. Amsar ta ɗauki kusan shekara 40, kuma wasu ne suka kawo ta. A 1971 wani Barashe, Alexey Olovnikov, ya yi hasashen cewa sinadarin da ke kwafe zaren gado a lokacin rabuwa ba ya iya kaiwa ƙarshen zaren, don haka kowane ninki yana ɗan gutsure bakinsa. Ya ce tunanin ya zo masa ne yana jiran jirgin ƙarƙashin ƙasa a Mosko. Bakin zaren nan shi ake kira telomiya. A kwatanta shi da ƙullin da ake yi wa bakin igiya don kada ta warware: muddin akwai sauran ƙulli igiya tana nan, in ya cinye sai ta fara tsefewa.

A 1978 Elizabeth Blackburn da Joseph Gall suka karanta tsarin telomiya a jikin wata ƴar halittar kududdufi mai suna Tetrahymena. A ranar Kirsimeti ta 1984 ɗalibar Blackburn, Carol Greider, ta ga alamar farko ta sinadarin da ke sake gina bakin zaren, wanda aka sa wa suna telomares. A 1990 Calvin Harley da Bruce Futcher da Greider suka auna suka ga telomiyar ƙwayoyin mutum tana gajarcewa da yawan ninki. A 1998 aka rufe zancen: masu bincike na kamfanin Geron tare da Woodring Wright da Jerry Shay suka sa wa lafiyayyun ƙwayoyi telomares, sai suka zarce iyakar suka ci gaba da rabuwa. An kuma gano cewa mafi yawan ƙwayoyin ciwon daji, kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100, suna da wannan sinadari a kunne. Sirrin HeLa ke nan. A 2009 aka ba Blackburn da Greider da Jack Szostak lambar Nobel. Ba Hayflick, ba Olovnikov.

7.0 Shin wannan shi ne tsufa?

Tambayar da ta fi wuya ke nan, kuma amsarta ba i ba ce kai tsaye. Ɓeran ɗakin gwaji yana da telomiya da ta fi ta mutum tsawo nesa ba kusa ba, amma ba ya wuce shekara 2 zuwa 3. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na naman zuciya kusan ba sa rabuwa, amma suna tsufa. A 1998 Vincent Cristofalo da abokan aikinsa suka sake auna ƙwayoyin fatar lafiyayyun mutane masu shekaru daban-daban, ba su sami wata tsayayyar alaƙa tsakanin shekarun mutum da yawan ninkin ƙwayoyinsa ba. Wanda ya ce mutum yana mutuwa ne don ninkinsa 50 sun ƙare ya faɗi abin da bincike bai faɗa ba.

Inda aikin ya yi ƴaƴa sosai wani wuri ne dabam. Ƙwayar da ta kai iyaka ba mutuwa take yi nan take ba. Tana nan da rai, ta kumbura, ta daina rabuwa. A 1995 ɗakin gwajin Judith Campisi ya samo hanyar rina irin waɗannan ƙwayoyi, aka gan su a fatar tsofaffi, ba a kwalba kawai ba. A 2008 suka nuna cewa ƙwayoyin suna fitar da sinadarai masu sa kumburi a naman da ke kewaye da su. A 2011 masu bincike a Asibitin Mayo suka cire irin waɗannan ƙwayoyi daga jikin wasu ɓeraye masu saurin tsufa, sai yanar ido da raunin tsoka suka jinkirta. Daga nan aka shiga neman magungunan da za su yi haka, kuma gwajinsu a jikin mutane bai kai ga wani tabbataccen maganin tsufa ba. Fahimtar da aka cimma ita ce, tsayawar ƙwaya garkuwa ce daga ciwon daji a ƙuruciya, taruwar tsayayyun kuma kaya ce a tsufa. Da wasu masana suka jera alamomin tsufa guda 9 a 2013, biyu daga ciki, gajarcewar telomiya da tsayawar ƙwaya, daga kwalaben Wistar suka samo asali.

Shi kansa Hayflick bai yarda a yi talla da sunansa ba. A littafinsa na 1994, How and Why We Age, da rubuce-rubucensa na baya, ya dage kan raba abu uku da mutane ke cakuɗawa: tsufa, da cututtukan da ke zuwa da tsufa, da abin da ke ƙayyade tsawon ran kowace halitta. A wurinsa tsufa ba cuta ba ce, lalacewar sinadaran jiki ce a hankali bayan ƙarfin gyara ya ragu, kamar yadda kowane abu da aka gina yake lalacewa. Ya sha yin ƙorafi cewa kuɗin da ake cewa na binciken tsufa ne yawanci kan cututtuka suke tafiya, alhali ko an kawar da manyan cututtukan da ke kashe tsofaffi, abin da zai ƙaru a kan matsakaicin rai bai wuce shekara 15 ba. A 2002 shi da Olshansky da Bruce Carnes suka jagoranci masana 51 wajen fitar da sanarwa cewa babu wani magani ko sinadari da ake sayarwa da aka tabbatar yana rage tsufa ko mai da shi baya. Masu binciken da suka taso a bayansa da yawa suna ganin ya cika yanke ƙauna, suna kafa hujja da tsutsotsi da ɓerayen da aka tsawaita wa rai a ɗakin gwaji. Shi kuma amsarsa ita ce, tsawaita ran tsutsa dabam, taɓa tsufan mutum dabam. Bai sauya wannan matsayi ba har ya mutu a gidansa da ke Sea Ranch, a gaɓar tekun Kalifoniya.